Gidimuni: baƙin mai shi ne jinin inji

A wannan wata za mu kai ku Gidimuni. Gari ne a jihar Damagaram, cikin gundumar Damagaram Takaya. Yana bakin babbar hanyar kwalta mai lamba 1, wadda ta tashi daga Zinder, ta bi ta Mirya, ta nufi Gure. Daga Zinder zuwa can kamar kilomita 70 ne, wajen gabas.

Allah ya yi wa Gidimuni arzikin tabki. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓulɓulowa, shi ya sa rani ba ya cinye shi. A bakinsa ana noman rake da rogo da kayan miya. Ga dabino, ga kifi, ga wurin shayar da dabbobi. A watan disamba na 2019 aka sa wannan tabki cikin jerin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kare, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ramsar gari ne a ƙasar Iran, inda aka sa hannu ga yarjejeniyar a 1971.

Iyayenmu da jigo da guga da ƙwarya suka yi ban ruwa. Bayan farin 1984, shugaban ƙasa na lokacin, Janar Saini Kunce, ya yi kira ga kowa ya kama noman rani. Garake suka yi yawa a ƙasa. Daga baya injin ban ruwa ya shigo, ya ɗauke wa mutane wahala. Inji mai bakin inci 3 yana iya tura kusan litir 1000 a minti ɗaya, in ruwan bai yi nisa ba. Wane jigo zai yi haka?

Amma inji ba jaki ba ne. Jaki in ya gaji sai ya tsaya, ka gani. Inji kuwa yana ta aiki har ya mutu a hannunka. Kuma ba ya mutuwa sai lokacin da aka fi bukatarsa: a watan maris ko afrilu, rana ta yi zafi, albasa da kabeji na neman ruwa. Kwana uku ba ruwa, aikin wata huɗu ya lalace. Ga bashin iri, ga bashin taki, ga kuɗin gyara. Sau da yawa abin da ya jawo wannan hasara bai wuce baƙin mai rabin litir ba.

Don haka mu zauna mu koyi abu biyu: juyen baƙin mai, da shafa wa inji fenti.

Mene ne aikin baƙin mai?

A cikin inji akwai ƙarfe mai hawa da sauka, ana kiransa fistin. In inji ya tashi sosai, yana juyawa har sau 3600 a minti ɗaya. Wato sau 60 kafin ka ce "ɗaya". Ƙarfe yana goga ƙarfe. In babu mai tsakaninsu, sai su yi zafi, su cinye juna, su liƙe.

Aikin baƙin mai huɗu ne. Yana sa santsi tsakanin ƙarafa. Yana rage zafi. Yana kwashe dauɗa da garin ƙarfe. Yana toshe ƴar kafar da ke tsakanin fistin da bangonsa, don ƙarfin inji kada ya zurare.

Yau da gobe mai yana gajiya. Zafi na ƙona shi, ƙura na shiga cikinsa. Ƙaramin injin ban ruwa ba shi da matatar mai irin ta mota. Duk dauɗar da ta shiga tana nan ciki, tana yawo. Tsohon mai da rairayi a cikinsa ya zama dutsen wasa wuƙa. Hanya ɗaya ce ta fitar da dauɗar: a zubar da tsohon mai, a zuba sabo. Wannan shi ne juye.

Ƙari ba juye ba ne. Wanda yake ta ƙara sabo a kan tsoho, kamar mai zuba ruwa mai kyau ne cikin randar da ba a wanke ba.

Mu san sassan inji

Yawancin ƙananan injunan da ke garake ƙirarsu ɗaya ce. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fara ƙera irin wannan inji mai suna GX a 1983. Daga baya masana'antun ƙasar Sin suka yi irinsa da sunaye dabam-dabam. A jikin wasu za ka ga an rubuta 5.5 ko 6.5, wato ƙarfin doki. Wanda ya san ɗaya ya san saura.

Ka ajiye inji gabanka, ka taɓa kowane sashe, ka faɗi sunansa.

Tanki yana sama. Nan ake zuba fetur. Ba a zuba baƙin mai nan.

Igiyar tayarwa tana gefe ɗaya, cikin murfi mai ramuka. Bayan murfin akwai fanka da ke hura wa inji iska.

Matatar iska tana sama, gefen tanki, cikin akwatin baƙar roba. Ita ce hancin inji.

Karbirato yana ƙarƙashin matatar iska. Shi ke haɗa fetur da iska. A jikinsa akwai ɗan makunni na buɗe fetur da rufewa.

Buji, wanda mutanen Najeriya ke kira fulogi, yana kan inji, da baƙar waya mai hula. Shi ke ba da wuta.

Salansa tana kusa da buji. Ta nan hayaƙi ke fita. Tana da zafi ƙwarai, kada a taɓa.

Tukunyar mai ita ce cikin injin daga ƙasa. A jikinta akwai murfin roba mai dunƙulen kai, a karkace, kusa da famfo. In ka kwance shi za ka ga ɗan sanda a jikinsa. Wannan sanda shi ne ma'aunin mai. Wasu injuna murfi biyu gare su, ɗaya dama ɗaya hagu. Duk tukunya ɗaya suke shiga.

Notin juye yana can ƙasa, gindin tukunyar mai, ƙarƙashin murfin. Yana da ɗan zobe na ƙarfe da ke hana yoyo.

Noti uku, kada a rikita su

A nan ne sabon mai inji yake ɓata. Akwai wuri uku da ake kwancewa wani abu ya zubo.

Na ɗaya yana gindin famfo, inda tiyo ke shiga. In ka kwance shi, ruwa ne zai fito.

Na biyu yana ƙarƙashin karbirato, a jikin ɗan ƙoƙon ƙarfe. In ka kwance shi, fetur ne zai fito.

Na uku yana gindin inji. Shi ne na baƙin mai.

Akwai hatsari a nan. Mutum ya kwance na famfo, ya ga abu ya zubo, ya ɗauka ya yi juye, ya tuttula sabon mai a kan tsoho. Ko ya zubar da mai, yaro ya kira shi, ya manta bai zuba sabo ba, ya ja igiya. Minti kaɗan inji ya ƙone. In kana shakka, ka tambayi makaniki ya nuna maka sau ɗaya. Matambayi ba ya ɓata.

Wane mai za a saya?

A nan karatu ke da rana. A jikin kowace gwangwani akwai rubutu. Ka nemi haruffa uku: SAE. Bayansu akwai lamba. Littafin Honda ya ce a sa 10W-30. A ƙasa mai zafi irin tamu, inda zafi ke wuce awo 40 a watan afrilu da mayu, makanikai da yawa na sa mai ɗan kauri, kamar 15W-40 ko SAE 40. In injinka yana da littafi, ka bi abin da littafin ya ce.

Ka duba kuma ko an rubuta 2T. Wannan na haɗawa da fetur ne, na wani irin inji dabam. Ba ya shiga tukunyar injin ban ruwa.

A yi hankali da man da ake aunawa a kwalba marar suna. Ba ka san daga inda ya fito ba. Akwai masu tace tsohon mai su sayar a matsayin sabo. Ka sayi gwangwani ko galan da bakinsa ke liƙe, ka buɗe da hannunka. Araha ba ta ado.

Mutum uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi. In ɗaya zai je Zinder, ya sayo babban galan a gidan mai, a raba. Haka ma kayan aiki: ƙungiyar manoma ta sayi kile, da abin kwance buji, da mazurari, ta ajiye wurin mutum ɗaya mai amana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaushe ake juye?

Ba da wata ake ƙidaya ba, da awa ake ƙidaya.

Sabon inji: juye na farko bayan awa 20 na aiki. Wannan juye ya fi kowane muhimmanci, domin sabon ƙarfe yana zubar da gari da yawa.

Bayan haka: kowace awa 100. In akwai ƙura da zafi, kuma inji na aiki ba hutawa, kada a jira awa 100. A yi a awa 50. Lokacin hunturu da bazara a Damagaram, wannan shi ne ya fi.

Ga lissafi. A ce kana ban ruwa awa 4 kowace rana. Awa 100 ta cika a kwana 25. In ka yi wata biyar kana aiki, kwana 150 ke nan, awa 600. Juye 6 ke nan. Tukunyar irin wannan inji tana cin litir 0,6, wato rabin litir da ɗan ƙari. Juye 6 bai kai litir 4 ba. In kana yi a awa 50, bai kai litir 8 ba. Ka auna wannan da kuɗin sabon inji.

Ta yaya za ka san awa ta cika? Ka sami ɗan littafi da alƙalami. Ka rubuta ranar juye. Duk awa ɗaya da inji ya yi, ka ja layi ɗaya. In layi ya kai 50 ko 100, lokaci ya yi. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ga ranar karatunsa ta zo.

Ban da juye, kowace safiya kafin ka ja igiya, ka duba ma'auni. Ba ya cin minti ɗaya.

Yadda ake juye

Ka tanadi sabon mai, da kile wanda ya zauna daidai a kan noti, yawanci lamba 10 ko 12. Ka tanadi tsohuwar tasa, da mazurari, da tsumma mai tsabta.

1. Ka ɗauke inji daga bakin ruwa. Ka kai shi wuri shimfiɗaɗɗe, nesa da tabki da rijiya.

2. A yi juye inji na da ɗumi, domin mai mai ɗumi ya fi gudu, ya fi kwaso dauɗa. In ka gama ban ruwa, ka kashe, ka jira ya ɗan huce. In inji ya kwana, ka tayar da shi minti kaɗan. Amma kada ka tayar da shi famfo babu ruwa, robar da ke cikin famfo za ta ƙone.

3. Ka mai da makunni inda aka rubuta OFF. Ka rufe fetur. Ka cire hular buji.

4. Ka goge kewayen murfin mai da notin juye. Ko ƙwayar rairayi ɗaya kada ta shiga.

5. Ka ɗora inji kan bulo biyu, ka sa tasa ƙarƙashi. Ka cire murfin mai, sannan ka kwance noti. Ka kula da ɗan zobe, kada ya faɗa cikin rairayi.

6. Ka bar mai ya tsiyaye duka. Ka ɗan karkata inji wajen ramin, sauran ya fito.

7. Ka mai da noti da zobensa. Ka fara ɗaurawa da yatsu, sannan ka ƙarasa da kile. Kada ka nuna ƙarfi. Tukunyar da sanholo aka yi ta, ƙarfe ne mai taushi. In bakin ramin ya lalace, yoyo ba ya ƙarewa. In zoben ya tsage, a sa sabo.

8. Ka daidaita inji, kada ya karkata. Ka zuba sabon mai sannu-sannu, har ya kawo leɓen ramin na ƙasa.

9. Ka goge ma'auni, ka sa shi cikin rami ba tare da murɗawa ba, ka ciro ka duba. In ya kai shaidar sama, ya isa. Ka rufe.

10. Ka mai da hular buji. Ka cika famfo da ruwa, ka tayar da inji minti biyu ko uku. Ka kashe, ka duba ko akwai yoyo, ka sake duba ma'auni.

11. Ka rubuta ranar a littafinka.

Kada mai ya yi yawa. In ya wuce iyaka, inji zai yi hayaƙi, buji ya yi baƙi.

Tsohon mai yana ba da labari

Kafin ka kawar da tasa, ka kai ta rana ka duba.

In mai ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga inji.

In ya tsinke kamar ruwa, yana warin fetur, karbirato na yoyo cikin inji. Yawanci rashin rufe fetur ne ke kawo haka, musamman in an ɗora inji kan amalanke ko babur ana jijjiga shi.

In ka ga ƙyalƙyali kamar garin azurfa da yawa, ƙarfe na cin ƙarfe. Ka kai wa makaniki tun ɓarnar ba ta yi girma ba.

Hayaƙi ma yana magana. Shuɗin hayaƙi, inji na ƙona baƙin mai. Baƙin hayaƙi, iska ba ta isa, a duba matata.

Abu uku da ke kashe inji a bakin tabki

Na ɗaya, gangare. A cikin tukunya akwai ɗan cokali da ke ɗibar mai yana watsawa. In inji ya karkata a kan gaɓa, mai ya taru gefe ɗaya, cokali ba ya samu. Ka share wuri, ka shimfiɗa katako, inji ya zauna daidai.

Na biyu, yanke wayar tsaro. Injuna da yawa suna da na'urar da ke kashe su in mai ya yi ƙasa. Wasu in inji ya ƙi tashi sai su cire wayar. Wannan kamar ɗaure bakin karen da ke haushin ɓarawo ne. Ka duba mai tukuna.

Na uku, ƙura. Matatar iska ana duba ta kullum lokacin hunturu. In ta soso ce, a wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata sabon mai kaɗan, a matse. In ta takarda ce, ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta toshe a sa sabuwa. Kada a yi aiki da inji babu matata, ko na awa ɗaya.

Ga gargaɗi da ya shafi rai. Wasu na saukar da inji cikin rami ko rijiya don ya kusanci ruwa. Hayaƙin inji yana da guba marar wari. A cikin rami tana taruwa, mutum ya suma bai sani ba. Kada kowa ya sauka rami inji na aiki, ko an kashe shi yanzu-yanzu.

Masu babur da masu injin niƙa, ƙa'idar ɗaya ce. Sai dai yawan mai da lokacin juye sun bambanta. Injin gazuwal ya fi cin mai, kuma yawancinsu suna da matatar mai da ake wankewa ko sakewa.

Ina za a kai tsohon mai?

Ba a zuba shi a tabki, ko rijiya, ko magudanar garka. Kaɗan ya isa ya rufe fuskar ruwa mai faɗi. Yana cutar da kifi da tsuntsaye. A Gidimuni ruwan ƙasa ba shi da nisa. Abin da ka zuba cikin rairayi yau, zai gangara ga ruwan da ɗanka da saniyarka za su sha.

Ƴan uwa makiyaya, wannan maganar taku ce. Akwai masu shafa wa raƙumi ko akuya tsohon mai don ƙazuwa, ko kaska, ko miki. A bar wannan. Tsohon mai yana ɗauke da garin ƙarfe da guba. Dabba na lasa, fata na sha. Maganin ƙazuwa da na kaska suna wurin malamin dabbobi. Kuma galan da ya taɓa ɗaukar baƙin mai ba ya komawa na ruwan sha, ko nono, ko man gyaɗa, ko an wanke shi sau goma.

A zuba tsohon mai cikin galan mai murfi. A rubuta a jiki. A ajiye inda yara ba sa kai. In ya taru a kai wa masu garaji. Wanda ya yi juye ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Fenti: don me?

Inji yana zaune kusa da ruwa, a kan damshi. Ƙasar fadamu da yawa a Damagaram tana da kanwa da gishiri. Damshi da gishiri su ne abincin tsatsa. Tsatsa na fara cin ƙafafun ƙarfen da inji ke zaune a kai. Daga nan ta kama gindin tanki, da murfin fanka, da salansa. In ta huda tanki, fetur na ɗiga kan inji mai zafi. Gobara ke nan.

Fenti riga ce ga ƙarfe. Yana hana ruwa da iska taɓa shi. Amma ba ko'ina ake sa wa inji riga ba.

Inda ake shafawa: ƙafafu da ƙarfen ɗauka, bayan tanki, murfin fanka, da sauran sassan baƙin ƙarfe.

Inda ba a shafawa: haƙarƙarin da ke kewaye da kan inji. Ta nan zafi ke fita. Fenti mai kauri zai riƙe zafi kamar bargo. Wannan wuri wankewa yake so, a cire laka da ciyawa. Ba a shafa wa buji da wayarsa. Ba a shafa wa karbirato, da ƴan sandunan ƙarfe da ƴan wayoyi masu naɗi da ke motsa shi, domin za su liƙe, inji ya riƙa gudu ba daidai ba. Ba a shafa wa matatar iska da igiya. Ba a shafa wa murfin tanki, domin yana da ƴar kafar shan iska, in ta toshe fetur ba ya sauka. Ba a shafa cikin tanki. Ba a rufe lambar inji da rubutun da ke jikinsa.

Salansa kuwa fentinta dabam ne. Fentin ƙofa in ya hau ta sai ya ƙone, ya yi wari, ya ɓare. Sai wanda aka yi don zafi. A jikin gwangwaninsa za ka ga lamba kamar 600°C. In ba a samu ba, a kankare tsatsa kawai, a bar ta haka.

Yadda ake shafawa

Lokacin da ya dace shi ne ƙarshen aikin rani, kafin ruwan sama. A zaɓi ranar da babu iska, babu ƙura. A yi da safe, a inuwa, a fili, ba cikin ɗaki ba.

1. A juye fetur duka. Inji ya huce. Ba wuta, ba taba kusa.

2. A kwance sashen da za a shafa, in yana kwantuwa. A zuba notuna cikin gwangwani, kada su ɓace.

3. A wanke maiƙo da ruwan garin sabulu. Fenti ba ya kama maiƙo. A bari ya bushe sarai.

4. A kankare tsatsa da burushin ƙarfe, a bi da samfefa har ƙarfe ya fito. Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ya rufe ta ne kawai, tana nan tana ci daga ciki.

5. A rufe wuraren da ba a so fenti ya taɓa da takarda ko leda, a ɗaure.

6. A fara da fentin hana tsatsa, yawanci ja ne. A shafa siriri. A bari ya kwana.

7. A bi da fentin launi, siriri, sau biyu. Na farko ya bushe kafin na biyu. Siriri biyu sun fi mai kauri ɗaya. In na fesawa ne, a girgiza sosai, a nisanta hannu kamar taƙi ɗaya.

8. A bari ya bushe kwana biyu kafin a ɗaura.

Wasu fentoci suna da dalma a ciki, musamman na hana tsatsa. Dalma guba ce, ta fi cutar da yara. In ana kankare tsohon fenti, a rufe hanci da ƙyalle, a kori yara. Kada gwangwanin fenti ya zama moɗa ko kwanon kaji.

Makiyayi yana yi wa dabbarsa shaida. Kai ma ka yi wa injinka. Ka rubuta sunanka da fenti a jikin ƙarfen ɗauka. Ka kwafi lambar da aka buga a jikin inji cikin littafinka. In an sace, da ita za ka je wurin hukuma.

Mai sayen tsohon inji, a buɗe ido

Fenti ba ya gyara inji. A kasuwa, ko a Zinder ko a Kano, kana iya ganin tsohon inji yana ƙyalli kamar ango. Sabon fenti na ɓoye tsaga da yoyo. Kada launi ya ruɗe ka. Ka ciro ma'auni ka duba mai. Ka ja igiya sannu, ka ji ko yana turjewa, domin wanda ke zuwa sakwaf ƙarfinsa ya tafi. Ka sa a tayar da shi gabanka da ruwa a famfo, ka duba hayaƙi. Ka duba ƙarƙashinsa bayan ya yi zafi. Ka tafi da wanda ya sani.

Kafin damina

In aikin rani ya ƙare, kada a jefar da inji bayan ɗaki. A yi masa juye, kada ya kwana wata huɗu da tsohon mai. A fitar da fetur daga tanki da karbirato, domin fetur in ya daɗe yana zama danƙo. A kwance notin famfo, ruwa ya fita. A cire buji, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabon mai cikin ramin, a ja igiya sannu sau uku, a mai da buji. A ɗora inji kan katako cikin ɗaki marar yoyo, a rufe da buhu. In kaka ta yi, a duba shi tun kafin a yi dashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴan uwa, ku karanta wannan shafi a ajin karatu da wurin hira. Ku kawo inji ɗaya tsakiya, kowa ya nuna notin ruwa, da na fetur, da na baƙin mai. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba. Wanda ke da tambaya ya kai ta wurin malamin gona, ko ya rubuto mana da hannunsa.

Allah ya ba mu rani mai albarka, ya kiyaye mana ruwanmu. Amin.